Agogon da Ke Jiran Rakiya

Birnin Konni, ranar Laraba da hantsi. Gwiwoyina sun kumbura, tari bai sake ni ba, amma hannuna na riƙe biro.

Zuwa ga ɗana Isufu, a Kwatano.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina sanar da kai cewa raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi. Na rubuta a fili don kowa ya karanta, tunda maganar mutane ce ka fi tsoro.

An gaya mini ka bugo waya ka hana ɗiyarka Rakiya gudu, wai ta kai shekara goma sha bakwai, ana ganinta bisa hanya. Ka sa uwarta ta ɓoye takalmanta, alhali mushen lakwal ɗinsu, wato malamin wasanni na makarantarsu, ya sa sunanta cikin masu zuwa tseren Tawa wata mai kamawa. Wa ka shawarta? Ina raye, Isufu.

Ba ka taɓa ganin ubanka yana gudu ba. Kafin a haife ka, nakan tashi daga Konni in taɓa Tsarnawa in dawo, ban ko nemi ruwa ba. Ban daina da na yi aure ba, har na wuce talatin.

Ka san halin garinmu: magidanci ba ya gudu sai in gobara ce, ko ɓarawo, ko hauka. Wata safiya na ratsa ta bakin kasuwa, sai wani mahauci ya gan ni ya biyo ni da sanda, yana zaton ɓarawo nake kora. Kafin in kai tasha mutum ya fi ashirin a bayana, kowa na tambayar ina ɓarawon. Da na ce motsa jiki nake, aka tuntsire da dariya. Shekara guda ana kirana Malam Kama-shi. Kakanka ya ce mini: “Kai da iyali, ka zauna kamar mutane.” Na zauna. Shekara arba'in ina zaune a buron aiki da bakin masallaci, yau likita na roƙona in taka ko zuwa ƙofar gida ne, na kasa. Waɗanda suka yi dariyar babu ko ɗaya da ya zo ya ɗaga ni.

Tun lokacin ina bin labarin gudun fanfalaki, mai kilomita arba'in da biyu, da fari a rediyo, yanzu a tele ɗin maƙwabci. A zamaninmu samari kaɗai ke shiga. Sannu a hankali na ga mata sun shigo, suna ƙaruwa, tazarar da maza ke ba su tana raguwa. Na ga masu furfura, sa'o'ina, suna isa ƙarshe da ƙafarsu. Ba su ne na ɗaya ba, amma ba wanda ya bi su da sanda. Ina kallonsu ina jin kamar sata aka yi mini.

Rakiya ce ta mayar mini da wani abu. Kowace safiya takan biyo ta ƙofata da dogon wando da hijabinta, ta nufi hanyar gonakin rani. Ni kuma ina kan tabarma da tsohon agogona, ina danna shi. In ta dawo na faɗa mata mintocinta, sai ta ce: “Tsoho, agogonka ne ya gaji, ba ni ba.” Bana ta rage minti huɗu a kan na bara. Ka san wahalar da ke cikin minti huɗu?

Na san ba mugunta ba ce, ɗana. Kana nesa, kana jin tsoro, ana kai maka gulma ta waya. Ni ma na ji tsoro, ga inda ya ajiye ni. Kada ka zaunar da ita. Jumma'a ake rufe sunaye. Ka kira uwarta ka ce ta fito da takalman.

Allah ya tsare ka a baƙon wuri, ya sanyaya zuciyarka, ya ba Rakiya ƙafa mai albarka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Malam Abdu.

Ƙari: jiya na aika ta zo yau, ko da tafiya ce. Da gari ya waye na danna agogo kamar kullum. Ga shi an kira azahar, ba ta zo ba. Ban tsayar da shi ba.