Ranar da Baba Ya Tsaya Kare Kundinsa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya haƙuri da zaman nesa? Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a abin da ake nema. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan, har ya koma shago. Babbar 'yata ta wuce aji na gaba, ƙaramin kuwa ya fara haƙora, babu abin da ya tsira daga bakinsa, har igiyar cajar waya. Gwaggo tana nan yadda ka san ta, ƙafa ta gaji amma baki bai san an tsufa ba.

Yaya, na zaɓi rubutu maimakon kiran waya ne saboda duk sanda ka kira Baba yana kusa da ni, maganar kuma ba ta gabansa ba ce. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, don a kan karatunsa ne, kuma labarin ba mai daɗi ba ne.

Ka tuna dariyar da muka sha lokacin da ya ce zai koma jami'a ya yi digiri na biyu a kimiyyar siyasa, ba a daɗe da rasuwar Inna ba. Gwaggo ta ce mutum da furfura har a gira zai je ya bi layin rajista da sa'o'in 'ya'yansa. Shi kuwa ya ce ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sakataren ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, ya yi siyasa da ƙafarsa da maƙogwaronsa, yanzu yana so ya ji abin da masu littafi suka ce game da abin da ya yi. Ni na goyi bayansa ne don gidan ya yi masa faɗi. Sai in zo in tarar da shi zaune a falo, rediyo yana ta magana, shi da ya saba musu da mai karanta labarai ko tari ba ya yi. Shekarar farko kuwa ta yi masa kyau ƙwarai. Ya sayi jaka da sabon tabarau, ya kama kujerar gaba, 'yan ajinsu suka sa masa suna Sakatare, kuma na ji an ce babu laccar da ke ƙarewa bai ɗaga hannu ba. Ya ci duk jarrabawar darussan aji. Har ƙiba ya yi. Da aka zo kan kundin bincike ya zaɓi ya yi rubutu a kan yadda ƙungiyoyin ƙwadago ke rasa muryarsu idan shugabanninsu suka shiga jam'iyya, aka haɗa shi da wata Dakta ta duba aikin, mace ce da ba ta girme ni da yawa ba. Da farko yana ta ƙorafi wai ta mayar masa da takardu kamar an yanka kaza a kansu saboda jan biro, daga baya ya koma cewa tun bayan Inna babu wanda ya iya gyara masa magana sai ita.

A wajen rubutun ne abin ya fara. Na ɗauka gajiya ce. Zai ajiye tabarau a cikin firiji, mu yi ta nema muna dariya. Sai wata rana ya miƙo min babi na uku in kai a buga masa, mai bugawar ta ce ai ta riga ta buga wannan a makon jiya, kusan kalma da kalma, ga shi ma a kwamfutarta. Ashe ya sake zama ya rubuta shi daga farko, bai san ya taɓa yi ba. Bayan nan kuma wani tsohon abokin aikinsa ya kira ni da hantsi ya ce in zo, ga Baba nan a ƙofar tsohon ofishin ƙungiya da jakarsa, yana faɗa da mai gadi wai an canja masa kwaɗo. Ofishin da ya zama wurin ajiyar siminti tun ina budurwa. Da ya gan ni sai ya dawo hayyacinsa, ya kama kame-kame wai ya biyo ne ya ga wurin saboda bincikensa. A mota jakar kawai ya rungume.

Na kai shi asibiti da sunan za a duba hawan jini. Aka yi masa tambayoyi, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitan ya keɓe ni ya ce ciwon mantuwa ne irin na tsufa, akwai maganin da ke rage masa gudu amma babu mai mayar da shi baya. Washegari na je jami'a wajen Dakta. Ofishinta ɗan ƙarami ne, kundaye jibge har bakin taga. Ban gama bayani ba idonta ya kawo ruwa, ta ce ta daɗe da lura, tana ta tunanin ta inda za ta fara min. Ta ba da shawarar a ɗage masa ranar kare kundin. Da muka gaya masa, Yaya, ka san Baba. Ya ce bai taɓa neman a ɗage zama ba ko a zamanin da ake aiko musu da 'yan sanda, ba kuma zai fara a kan takarda ba. Na koma na tambayi likita ko ɗagewar za ta amfane shi, ya ce gaskiya yadda yake yau ya fi yadda zai kasance nan gaba. Shi ya sa na bar shi. Har yanzu ina juya abin a raina, ban san ko daidai na yi ba.

Ranar ya tashi garau. Da kansa ya goge kayansa, ya hana ni taɓawa. Ɗakin taron sashen yana hawa na sama, dogon tebur ne da fanka mai ƙara, malamai a jere, a tsakiyarsu wani Farfesa baƙo da aka gayyato daga wata jami'a. 'Yan ajinsu suka cika kujerun baya, ni ma aka ba ni wuri a cikinsu. Aka miƙa masa kujera ya ƙi, ya ce a tsaye ya saba. Ina ma kana nan ka ji farkon. Ko kallon takarda bai yi ba, muryar nan tasa da muke ji daga ɗaki idan yana gwajin jawabi muna yara, ita ce ta dawo. Ya kawo abin da masana suka faɗa, ya kawo abin da ya samo daga hirarrakinsa, malamai suna gyaɗa kai, Dakta ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na ce a raina likita bai san Baba ba.

Sai aka zo tambayoyi. Farfesan ya yaba masa, sannan ya ce a babi na huɗu ya nuna cewa shugabannin ƙungiya sayen su aka yi, amma wasu daga cikin waɗanda ya yi hira da su sun ce ma'aikatan ne da kansu suka tura su shiga jam'iyya, to yaya zai daidaita maganganun biyu. Cikin ladabi ya yi tambayar, babu neman ƙure. Baba ya cire tabarau, ya bi mutanen teburin da kallo ɗaya bayan ɗaya, tun daga nan gabana ya faɗi, don na san wannan kallon. Da ya buɗe baki sai ya kira Farfesa da ranka ya daɗe Manaja. Ya ce shi bai zo jayayya ba, ya zo ne a kan mutanen da aka kora saboda yajin aiki. Ya shiga lissafa su, direban da matarsa ke kwance, mai canja layin dogon da ya bar yatsunsa a bakin aiki, tsohon mai share tasha da saura kaɗan ya yi ritaya. Ya ce shi ya kira yajin, shi ya sa hannu, idan kora ce a kore shi a mayar da su. Hawaye na bin gemunsa.

Farfesan ya fara ɗaure fuska don bai gane ba, Dakta ta matsa ta raɗa masa magana. Allah ya saka wa bawan nan nasa da alheri. Ya rufe kundin a hankali, ya miƙe tsaye, ya kira Baba da Sakatare, ya ce ya ji kokensa, za a duba, ya zauna ya sha ruwa. Baba ya yi godiya har da ɗan rusunawa. Da ya juyo zai zauna ya hango ni, sai ya kira ni da sunan da yake kiran Inna, ya ce me nake yi a nan, in koma gida zaman zai yi tsawo, ga babban yaron na bar shi da zazzaɓi. Kai yake nufi, Yaya. Ban san sanda na tashi na kama hannunsa ba. Muka sauko daga benen 'yan ajinsu na biye da mu, wani ya riƙo jakarsa, wani ya riƙo hularsa da ta faɗi.

Kwamitin bai amince da kundin ba. Dakta da kanta ta zo har gida ta gaya min a zaure. Ta ce abin da doka ta ba su dama shi ne su ba shi babbar difloma a kan darussan da ya riga ya ci. Raina ya ɓaci, na ce mata yanzu mutumin da ya yi wannan wahala, me zai rage su da shi in sun rufe ido sun ba shi? Ta bar ni na gama, sannan ta ce babin ƙarshe bai haɗu ba, ita ta sani, shi ma a ranakun da yake garau ya sani, kuma mutumin da ta yi wa jan biro shekara guda ba zai karɓi digirin tausayi ba. Na san gaskiya ta faɗa. Muka zauna muka yi kukanmu tare kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Bayan kwana biyu, da safe ina haɗa masa shayi, ya kira ni da sunana ya ce in zauna. Ya ce ya san wani abu ya faru a ɗakin nan, yana ganin fuskokin mutane amma ya kasa haɗa su, kada in ɓoye masa. Na gaya masa duka. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ya zagi wani, na ce a'a. Sai ya ce in maimaita masa tambayar Farfesa. Na maimaita yadda na iya. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce tambaya ce mai kyau, mutumin ya karanta aikin da gaske, kuma yana jin da can yana da amsarta. Ya ce shekaru da yawa yana kwana yana tashi da son sanin dalilin da ya sa suka faɗi a wancan yajin, ya je jami'a ya kusa ganewa, sai aka karɓe masa fitilar. Daga nan ya ce Allah ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa, ya shanye shayinsa.

Yanzu na dawo gidan da zama ni da yara, maigidana bai hana ba, Allah ya biya shi. Wasu ranakun Baba yakan shirya tsaf ya ɗauki jaka ya ce zai makara. Dakta ta ce a riƙa kawo shi, ta ware masa kujera a ajin sababbin ɗalibai, wata 'yar ajinsu kuma, ma'aikaciyar gidan rediyo, takan biyo ta ɗauke shi a motarta. An ce yana zama shiru yana sauraro, ya daina ɗaga hannu.

Na san ka yi masa alkawarin za ka zo bikin yaye ɗalibai ka gan shi cikin rigar digiri, kana ta tara hutunka saboda haka. Yaya, kada ka jira wannan. Ranar da kuka yi doguwar hirar nan a waya har yana ƙyaƙyata dariya, da ya ajiye sai ya tambaye ni wane ne wannan mutumin kirki da ke yawan kiransa. Sai can da la'asar ya tuna, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, da ya fito ya roƙe ni kada in gaya maka. Ga shi na gaya maka, Allah ya yafe min. Ka nemi izini a wurin aiki ka taho, ko mako guda ne, ka zauna kusa da shi yanzu da yake iya duban fuskarka ya san ɗansa ne. Ba sai ka tsaya sayen tsaraba ba.

Ka gaida min Anti da kyau, ka ce ina godiya da addu'o'inta. Ka shafa min kan Mai-sunan-Inna da 'yan biyu da Auta. Gwaggo tana gaishe ku, haka Kawu da iyalinsa, da maigidana da yara. Baba ma yana gaishe ka. Yau da safe da ya ga ina rubutu ya tambayi wa nake rubuta wa, kafin in amsa ya faɗi sunanka da kansa, ya ce in ce maka ka riƙa sa rigar sanyi. Allah ya ba shi sauƙi, ya jiƙan Inna, ya kawo mana kai lafiya.

Ka huta lafiya.

Taka ƙanwa,
Uwar-gidan Baba