Ƙusoshin Babur ɗin Bernard

Thamesmead, Landan
9 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Murja. Yaya kafaɗar?

Wasiƙata ta bakwai ke nan ba amsa, kuma na san dalili. Ranar da zan taho na tsaya a maƙerarka na ce kuɗin fetur ya zo, ƙira ta mutu. Maganar tana ci na har yau.

Taimako nake nema. Maƙwabcina Bernard tsoho ne, mutumin Sweden. A garinsu sanyi kan daskarar da tafki har ya ɗauki mota, kuma tun yana saurayi suke tseren babur a kan ƙanƙarar. Don kada taya ta zame, sai a dasa mata ƙusoshi masu tsini, waɗanda maƙerin ƙauye ke ƙerawa ɗaya-ɗaya. Maƙerin nan mahaifinsa ne. A Fabrairu tsofaffin 'yan tseren za su taru a can garinsu, yana son ya hau babur ɗinsa sau ɗaya kafin gwiwa ta ƙi, ga ƙusoshin tsatsa ta cinye.

Na ce masa ni ma ɗan maƙeri ne, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a kwaleji ba. Na ƙera talatin, na tsoma a ruwa. Da muka kwantar da su a firji muka buga, sai suka karye kamar ƙuli-ƙuli. Shekara goma ina ja maka zuga-zugi, ashe idona yana titi.

Baba, ina na kuskure?

Ɗanka,
Almu

Thamesmead
2 ga Maris, 1976

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya.

Takardarka ta iso tun Disamba, layi huɗu da ajami, ko gaisuwa babu. Na yi kuka, ban ji kunyar faɗa ba.

Na bi yadda ka ce: a tsoma a man gyaɗa, ba a ruwa ba, sannan a mayar wuta sai ƙarfen ya yi launin wuyan tantabara. Bernard ya dawo daga tseren jiya. Shi ya zo na ƙarshe, yana ta dariya, amma bai faɗi ba, kuma ko ƙusa ɗaya ba ta karye ba.

Saura layi na huɗu, inda ka ce ba a koya wa mutum ƙira a takarda, sai ka ga yadda nake riƙe masaɓa. Na sayi tikitin jirgi, ina tafe a Yuli. A ajiye mini gawayi.

Ɗanka mai neman gafara,
Almu