Jirgin da Kotu ta Riƙe

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai kewa.

A waya kin ce ba ki gane abin da ya hana ni dawowa ba, ni kuma da na ji muryarki sai bayanin ya gudu. To ga shi a rubuce. Kamfaninmu ya saɓa da mutanen da suka ba mu hayar injinan jirgin sama. Tun farko sun yi yarjejeniya cewa in rigima ta taso, masu sasantawa a wata ƙasa ne za su yanke hukunci. Sun yanke, mu aka kayar, Oga ya yi kunnen uwar shegu. Mutanen suka yi shiru har jirginmu ya sauka a nan, sannan suka kai hukuncin gaban alƙalin ƙasar nan, suka roƙi ya amince da shi ya zartar. Muna cikin shan mai aka manna takarda a ƙofar jirgi. Fasinjoji sun tafi, matuƙa sun tafi. Kotu ta ce dole a bar bakanike ya kula da jirgin har a gama shari'a. Shi ke nan, an kama jirgi an haɗa da mijinki.

Kin ce Auta ta fara dafa kujera tana miƙewa. Don Allah ki lallashe ta ta jira ni. Yayyenta duk ina kan hanya suka fara tafiya, labari kawai na sha. Takalmin nan mai kuka in an taka, wanda na ajiye a saman durowa, ni nake so in sa mata da hannuna.

Ki gaishe da kowa.

Naki,
Mai Baƙin Mai

Maman Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya yara, yaya haƙuri da ni?

Kin tambayi me nake yi a jirgin da ba ya tashi. Kada ki yi dariya. Duk mako ina tayar da injinan su yi gumi in kashe. Sannan a kawo motar ja, mu matsar da jirgin gaba kaɗan don kada tayoyi su kwanta a gefe ɗaya. Mako mai zuwa mu mayar da shi baya. Wannan ce duk tafiyarmu.

Masu ƙararmu sun ajiye mai gadi, ina kiransa Dogo. Da farko harara muke gaisawa da ita, shi yana zaton zan sace jirgi, ni kuma ina ganin shi ya tsare ni. Yanzu a kofi ɗaya muke shan shayi a inuwar fiffike. Ashe shi ma matarsa na can wani gari, kuma ba zai tafi ba sai an gama.

An sake ɗage zaman kotu. Lauyanmu ya ce wai ba a sanar da kamfani yadda ya kamata ba kafin a yanke hukuncin. Ya zo har nan yana washe baki, ya ce, "Injiniya, mun samu ƙarin lokaci!" Wallahi sifanar kwance noti na hannuna, Allah ne ya kiyaye ban kwaɗa masa ba.

Bari in faɗa miki abin da ba zan iya faɗa a waya ba. Na fara addu'ar a kayar da mu. Na san abincinmu a kamfanin nan yake, amma in na shiga jirgin nan ba kowa, na zauna a kujerar taga da na ce zan ɗora ki a kai wata rana, ba na ganin komai sai tsakar ɗakinmu. Ina kewarki ƙwarai.

Naki har kullum,
Mai Baƙin Mai

Maman Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da yara.

An gama. Alƙali ya amince da hukuncin, jirgi ya zama nasu. Lauya ya fita ko sallama babu. Ni da Dogo muka rungume juna, har ba ka gane wa ya ci wa ya faɗi. Jiya matuƙansu suka zo. Na tayar musu da injina, ko tari ba su yi ba. Na tsaya ina kallo ya yi gudu ya ɗaga, sai ga hawaye. Aiki kam ina jin ya bi jirgi, za mu zauna mu yi shawara.

Saura magana ɗaya. Ranar da muka yi waya ta ƙarshe, na ji kukan takalmin nan a bayanki. Ya taho daga wajen ƙofa har gabanki, kika yi ta tarin ƙarya don ki rufe. Ba tun yau Auta ta fara tafiya ba, wannan takun na wadda ta ƙware ne. Ban ga laifinki ba, da kin jira ni da ya matse ta. Na gode da kika ɓoye mini, amma raina ya sosu.

Ina tafe jibi in Allah ya yarda, a jirgin wasu. Ki sa mata takalmin, ki tsayar da ita a bakin ƙofa ki riƙe hannunta. Kada ta taho, sauran tafiyar ni zan yi.

Mijinki,
Mai Baƙin Mai