Sun Rusuna wa Kujerar da Ka Bari

Montreal, ranar Alhamis

Lazare, sanyin idona, hasken rana na farko bayan wata biyar na dusar ƙanƙara, kogin da ya narke ya kama gudu a ƙirjina, kuma babban matsoraci a duk faɗin garin nan!

Saƙonka ya iso: takarda mai layi uku da 'yar na'ura cike da kiɗan da ka naɗa. Wai ranar Asabar za ka koma gidan ƙanwarka a Gaspé, bakin teku, saboda yatsunka sun daina jin maganarka. Shekara goma sha tara kana kaɗa piyano ina koyar da rawar bale, ta kan yatsun ƙafa, goma sha ɗaya daga ciki kana shan gahawar safe a kicin ɗina, sai ka sallame ni da layi uku?

Me ma ya faru ranar Talata? Hannunka na dama ya ƙage a tsakiyar kiɗan tsalle, 'yan mata suna sama, kiɗa ya yanke. Ka rufe piyano, ka ɗauki hularka, ka fita. Shi ke nan fa! Babu wadda ta faɗi, babu wadda ta yi dariya. Ka manta inda kake aiki ne? A gidan rawar nan, wane ne jikinsa bai taɓa cin amanarsa ba? Tun da aka fara rawar nan a fadojin Italiya da Faransa, rabinta ɓoye ciwo ne a bayan murmushi. Faransawa suka koya mata natsuwa, Rashawa suka buɗe mata hannuwa kamar fikafikai, mutanen Denmak suka ba ta ƙafa mai sauri, maƙwabtanmu Amurkawa suka sa ta gudu kamar an biyo ta. Na karanta su duka, kuma ban ga inda aka ce na'ura ta iya kallon ƙafar mai rawa ba.

Kai ka iya, masoyina. Ka tuna shekarata ta ƙarshe a kan dandamali, lokacin da gwiwata ta hagu ta lalace? A gwajin ƙarshe shugaban gidan yana zaune yana neman dalilin cire ni. Duk sanda na tashi sama sai in ji kiɗan ya jira ni, ya tallafe ni kamar yadda iska ke tallafar tsuntsu, har in sauka lafiya. Ban da ni babu wanda ya lura. Da na tare ka a matattakala, sai ka ce, “Ni? Haba Solange, piyanon ne ya tsufa, haki yake yi.” Na ce maka maƙaryaci. A ranar na fara son ka, na kwashe shekara tara ina jin haushin hakan kafin in gaya maka.

Jiya na kunna na'urarka. Kiɗanka ne, amma ba ka ciki. Ɗalibata Noémie, mai dogayen ƙafafun nan da kullum kake ƙara mata rabin numfashi, ta yi ta bin kiɗan kamar wadda bas ta bari. Da aka zo gaisuwar rufe darasi suka rusuna mini, suka juya kamar kullum don su rusuna wa mai kiɗa. Mata goma sha shida, Lazare, kai a sunkuye, a gaban kujerar da babu kowa! Noémie ta ɗago ta ce, “Malama, akwatin za mu riƙa gaisarwa, ko mu jira mai shi?” Na ce, “Ke, rufe mini baki, ki gyara kafaɗarki.” Na shige ɗakin takalma na yi kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da likita ya hana ni rawa.

Ya kai inuwata, ruwan zaƙin da ke ɗiga daga bishiya a ƙarshen sanyi, wa ya gaya maka yatsu goma nake so? Hannunka na hagu lafiyarsa lau, kuma shi ke riƙe ƙidaya. Ka kaɗa da shi. Ka yi kuskure, ka yi ɗari, zan harare ka kamar yadda nake hararar kowa. Ranar da shi ma ya gaji, ka zauna ka riƙa buga ƙafa a ƙasa, mu bi. Da dare kuwa ni zan shafa wa yatsun magani, ina yi maka masifa.

Yau da safe na shaida wa shugaban gidan cewa ba na koyarwa da na'ura. Darasin gobe ƙarfe goma ne. Idan na shigo na same ka zaune, ba zan ce maka uffan ba sai “Mu fara.” Idan ban same ka ba, zan sallami 'yan mata, in je in haɗa kayana. Ka gaya wa ƙanwarka ta gyara ɗakin mutum biyu, ta kuma sani ba na cin kifi.

Taka, a nan ko a bakin teku, har sai jikin nan ya ƙi miƙewa gaba ɗaya,

Solange