Kyarketan Clive da hannuna a kansu

Mansfield, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Malcolm,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Noreen da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu nan da sauƙi. 'Yarmu Fiona ta koma aiki, jaririyarta ta fara rarrafe. Na zaɓi takarda a kan waya ne domin ƙanenka Clive yana jin duk abin da ake faɗa a gidan nan, kuma maganar tasa ce.

Likitan ido ya gama yi mana bayani. Tsakiyar ganinsa na idon dama ta tafi, na hagu yana biye, kuma babu magani. Ranar da muka dawo daga asibiti sai ya sauko da akwatin 'yan kyarketan robarsa guda arba'in, rundunar da yake son fita da ita wasan yaƙi na kan tebur. Ka san shi da wannan tun kuna baje sojoji a teburin Mama. Ya ce zai gama yi musu fenti tun yana gani.

Kullum da safe yana bakin taga. Ya shafa toka-toka mai duhu, ya goge buroshi a takarda har ya kusa bushewa, ya bi gashin a hankali da fari-fari, sannan ya ɗiga rawaya a ido. Hannunsa bai manta ba. Amma ɗigon idon sai ya sauka a kunci, jan baki ya hau kunne. Ya miƙo mini ya tambaya, in ce ya yi kyau. Da ya fita sayo burodi sai in zauna a kujerarsa in gyara. Wata biyu ina haka, Yaya, kuma ban taɓa ganinsa da walwala irin ta lokacin ba.

Ranar Alhamis ta makon jiya na kai shi zauren coci inda 'yan wasan suke haɗuwa. Abokinsa Trevor ya ɗaga ɗaya daga cikin kyarketan yana tsokanarsa, wai makaho ya kunyata masu ido, shi ma gobe zai je a tsone masa nasa. Clive yana ta dariya. Sai Trevor ya ɗauki babban, shugaban garken, ya ce ashe tsohon ma ya warke, ga idanunsa biyu rangaɗau. Ban sani ba, ashe da gangan Clive ya bar masa ido ɗaya fari, kowa a wurin ya san ya ce haka zai yi. Ni na ɗauka kuskure ne, na cike shi da rawaya.

Ya gama wasansa, ya yi sallama da kowa. Sai da muka shiga mota ya ce, “Guda nawa kika taɓa, Glenda?” Na ce duka. Ya gyaɗa kai, ya ce to, ashe tun watan Agusta ya daina fenti bai sani ba.

Washegari ya wanke duk buroshinsa ya ɗaure su da roba, ya mayar da sha biyun da suka rage cikin akwati ba fenti. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. In na kai masa shayi sai ya gode mini kamar baƙo. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya san don shi na yi. Yanzu in na ce abinci ya dahu ko an daina ruwa, sai ya tashi ya taɓa da hannunsa. Trevor ya zo har gida sau biyu, ya ce a ce masa yana hutawa.

Ban sa rai zai sake ɗaukar buroshi ba, kuma ban ga yadda zai sake yarda da bakina ba, ga shi nan gaba da idona zai riƙa gani. Na san Perth ba nan kusa ba ce, na san gwiwarka. Amma likita ya ce zuwa bazara fuskoki ma za su ɓace masa. In za ka zo, ka zo tun zai iya gane ka da kansa, ba sai ni na ce masa kai ne ba.

Ka gaida Anti Noreen, da Gareth da matarsa, da 'yar auta Bronwen. Fiona tana gaishe ku. Clive bai san na rubuto ba.

Taka, matar ƙanenka,
Glenda