Makullin Famfon Lakwal

Garin Tawa, Talata da dare

Sai da Madam darakta ta miƙo mini makullin famfo na gane ba karɓe aikin za su yi ba. Ni kuwa na tafi lakwal, makarantar yara, da gatari da almakashinsu a buhu, a zatona kwangilar kula da itatuwa ta mutu tare da maigidana, cewa za a yi in maido kaya.

Ta yi dariya ta ce, "Haba Inna Zali, wa ya san itatuwan bedin nan kamar ke? Ba a tsakar gidanki aka rene su cikin leda ba?" Ashe iyayen yara sun zauna tun ina cikin takaba, sun yarda sunana ya maye na maigidana a kwangilar. Shara da ban ruwa nawa ne. Hawan itace sai in ɗauki wanda na yarda da shi, amma in ya faɗo alhakin yana wuyana. Illa ƙanen maigidana nake tunanin ɗauka, sai dai gaggawa gare shi.

Na zagaya filin. Ɗan mangwaron da marigayi ya kewaye da ƙaya ya yi sabon ganye, awaki ba su kai gare shi ba. Na yi kuka kaɗan, na ba shi ruwa, na dawo gida ina raha da mai kabu-kabu. Allah ya ji ƙanka, Malam.

Reshen gawon da ya sunkuyo kan rufin aji yana nan, ga iskar damina tafe. Ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma ban je ba tukuna.