Gudumar Baba

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Nagoya. Ya ƙafarki, ya mutanen Aomori? Ni lafiya lau, tsagewar hannuna ba ta kai a faɗa ba.

Jiya aka kawo wata tsohuwar motar tsere garejinmu. Mai garejin, Kuramochi, ya ce, "Ke, zura hannu cikin ƙofar nan. Motocin da aka ƙera daga baya inji ya buga su sumul. Wannan ta farko ce, ƙirar hannu."

Na shafa, na ji sawun guduma reras, duk a karkace. Ya ce, "Aikin bahago ne. Ɗaya tal muka taɓa yi a masana'antar da muka ƙera ta, ɗan ci-rani daga Aomori."

Inna, ai Baba ma bahago ne, kuma ya yi ci-rani. Ki aiko min gudumar marigayi Baba, in ɗora ta kan sawun.

'Yarki,
Chizuru